Agogon na'urar ban-ruwata yana makara, wane kiristal zan sa mata?

Tambaya: Assalamu alaikum, Injiniya. Ni ɗalibi ne a Zariya. Na haɗa wa mahaifina na'urar da ke kunna famfon sola da kashe shi a kan lokaci, saboda noman rani, kuma ayisin (IC, wato ɗan guntun lantarki da ke sarrafa na'urar) da na yi amfani da shi STM32F103C8 ne. Na sayi kiristal biyu a kasuwa, ɗaya na 8 MHz, ɗaya na 32.768 kHz, na sa wa kowanne kafasita (ɗan ma'ajin wuta) biyu masu 22 pF kamar yadda na gani a zanen wani. Wani lokaci agogon ba ya tashi sai na taɓa wurin da yatsa, in ya tashi kuma yana makara da kusan minti biyu a wata. Kiristal ɗin ne jabu, ko ni ne na yi kuskure? Yaya ake zaɓar wanda ya dace?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya yi wa wannan aiki albarka. Da wuya a ce kiristal ɗinka jabu ne. Abin da na fi zato shi ne ka sayi kiristal mai kyau, amma ba na wannan ayisin ba. Lambar da ke rubuce a bayan kiristal saurin bugunsa kaɗai take faɗa maka, alhali akwai wasu lambobi biyu da ba a rubuta su a jiki, su ne kuma ke yanke hukuncin ko zai tashi ko ba zai tashi ba: CL da ESR. Shi ya sa kullum nake cewa a fara buɗe takardar bayanan ayisi kafin a je kasuwa, domin ayisin ne ke faɗin irin kiristal ɗin da zai iya ɗauka.

Ka ɗauki kiristal kamar lilo. Ɗan siririn dutse ne da aka yanka daidai gwargwado, wanda in wuta ta taɓa shi sai ya motsa, in ya motsa kuma sai ya fitar da wuta. Shi kaɗai ba ya kaɗawa. A cikin ayisi akwai ƙaramin amfilifaya da ke tura shi kaɗan-kaɗan a kowane zagaye, kuma wannan tsari da ake haɗawa da kafasita biyu shi ne wanda George Pierce ya fito da shi tun shekarun 1920. CL shi ne nauyin kafasita da kamfani ya ɗora wa kiristal lokacin da yake saita shi. Sai ka ba shi wannan nauyin daidai zai buga adadin da aka rubuta. ESR kuma taurin lilon ne, wato ƙarfin da ke salwanta a kowane kaɗawa. In nauyi da tauri suka fi ƙarfin mai turawa, lilo ba zai tashi ba.

Mai tura kiristal ɗin agogo a cikin STM32F103 ba shi da ƙarfi, kuma da gangan aka yi shi haka, don ɗan batirin agogo ya daɗe. Takardar bayanan da kamfanin ST ya fitar ta faɗa ƙarara cewa a nemi kiristal mai CL da bai wuce 7 pF ba, kada a sa mai 12.5 pF, kuma kafasita biyun kada su haura 15 pF. To, mafi yawan 'yan siraran kiristal ɗin agogo masu kama da guntun ƙusa da ake zubawa a leda ana sayarwa masu 12.5 pF ne, saboda su ne agogon bango da ayisi irin DS1307 ke so. Kai kuma ka ƙara masa 22 pF biyu. Bari mu yi lissafi ka gani da idonka. Ƙarfin da ake buƙata yana tafiya ne da ESR da kuma murabba'in jimlar CL da C0, wanda shi ne ɗan kafasitan jikin kiristal, kusan 1 pF. Kiristal mai ESR 70 kΩ da CL 12.5 pF yana neman ƙarfin turawa na kusan 2.2 µA/V, mai CL 6 pF kuwa kusan 0.6 µA/V. Ayisinka 5 µA/V aka yi alkawarin zai bayar. Ƙa'idar masu wannan sana'a ita ce abin da ayisi ke bayarwa ya ninka abin da ake buƙata sau biyar aƙalla. Na farko ya ninka sau biyu da ɗoriya ne kawai, na biyu ya haura sau takwas. Wanda ke kan sau biyu zai tashi yau a kan teburinka, gobe da asuba a gona ya ƙi, kuma yatsan da kake taɓa shi da shi ɗan girgizawa ne kawai kake ba shi har ya kama.

Yadda ake fitar da kafasita ba shi da wahala. In biyun iri ɗaya ne, rabin ɗaya daga cikinsu ake ɗauka, sai a ƙara abin da ƙafafun ayisi da layukan fanel ke ƙarawa da kansu, wanda yakan kama daga 2 pF zuwa 7 pF. Jimlar ita ce ya kamata ta yi daidai da CL. Ga kiristal mai 6 pF a fanel mai gajerun layuka, cire 2 daga 6, ka ninka biyu, ka samu 8 pF, wato 8.2 pF da ake samu a kasuwa. Ka nemi irin C0G, wanda ake kuma kira NP0, domin shi zafi ba ya sauya shi sosai. Ita wannan 22 pF da kowa ke kwafa daga zanen wani, daidai take ga kiristal mai CL wajen 16 pF. Shi ya sa ta yi maka aiki a na 8 MHz, ta kuma hana ɗayan sakat.

Na 8 MHz ɗin ba zan tsaya a kansa sosai ba. Ayisin yana karɓar daga 4 zuwa 16 MHz, kuma 8 ake so saboda in an ninka shi tara yana ba da 72 MHz, daga nan a fitar da 48 MHz na USB. Kuskuren da USB ke yafewa ya kai ppm 2500 (ppm ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin miliyan), don haka kowane kiristal mai ppm 30 ko 50 ya wadatar. In ma ba ka amfani da USB, agogon cikin ayisin na 8 MHz zai iya tafiyar da famfo ba tare da wannan kiristal ba.

Sai batun makara. Minti biyu a wata kusan ppm 46 ke nan, kuma ba daga wuri ɗaya suka fito ba. Shi kansa kiristal ana sayar da shi da rangwamen ppm 20 sama ko ƙasa, wanda ya kai daƙiƙa 52 a wata. Nauyin da ya wuce CL yana rage masa sauri, wanda bai kai ba yana ƙara masa, kuma kowane pF ɗaya na iya kawo bambancin ppm goma ko kusa da haka a mai 12.5 pF, fiye da haka ma a mai 6 pF. Na uku shi ne zafi, kuma wannan ya shafe mu fiye da waɗanda suka zana yawancin abin da muke kwafa. Kiristal ɗin agogo an saita shi ne a ma'aunin zafi 25, kuma ko sama aka yi ko ƙasa baya yake ja, da kusan ppm 0.034 sau murabba'in tazarar. A 45 yana rasa ppm 14. Akwatin ƙarfe da ke tsaye a rana cikin watan Afrilu zai iya kai 55 a ciki, inda asarar ta haura ppm 30. Sanyin asubahin hunturu ma baya yake ja da shi, ko da yake kaɗan. Saboda haka ka rataye akwatin a inuwar farantin sola, ka yi masa fenti fari, ka huda masa mashigar iska ta ƙasa.

Akwai abin da nake so ka duba tun kafin ka kashe ko sisi. Na taɓa kwana biyu ina canza kiristal a wata na'ura, ashe ragowar man dalma ne ya daskare tsakanin ƙafafun, ƙura ta manne a kai, ya zama wata 'yar hanya da wuta ke zurarewa. Wutar da ke wannan wuri ƙanƙanuwa ce ƙwarai, datti kaɗan ya ishe ta mutuwa. Da na wanke da sifirit da tsohon buroshin haƙori, na bari ya bushe, agogo ya kama. Ka matso da kiristal da kafasitansa daf da ƙafafun ayisin PC14 da PC15, kada layin famfo ko na rile, wato makunnin da ke kunna famfon, ya gitta kusa da su, kada kuma ka daɗe da ayan ɗin narka dalma a kan gwangwanin kiristal ɗin. Ka sani kuma wannan kiristal yana iya ɗaukar daƙiƙa biyu ko uku kafin ya daidaita, don haka manhajarka ta jira shi.

Wajen awo, kada ka ɗora tsinken osiloskof, wato na'urar da ke nuna bugun wuta a allo, a ƙafar kiristal. Tsinken kansa yana da 10 zuwa 15 pF, zai sauya abin da kake aunawa ko ya kashe shi ɗungurungum. Ayisin yana iya fitar da bugun agogo da aka raba 64 ta ƙafar PC13, wato 512 Hz, can za ka auna. In ba ka da na'urar awo, saita shi da agogon waya, ka dawo bayan mako guda ka ƙirga daƙiƙun da ya rasa. Akwai wurin gyara a cikin ayisin mai matakai 127, kowanne kusan ppm ɗaya, sai dai rage gudu kawai yake yi. Tunda naka makara yake, ka sa ya riƙa raba bugun da 32766 maimakon 32768, wanda zai ƙara masa kusan ppm 61, sannan ka rage abin da ya yi yawa da waɗancan matakan.

In ka nemi mai 6 pF ba ka samu wanda mai shago zai iya nuna maka cikakkiyar lambarsa ba, kada ka yi ta canki-canka. Sayi ɗan fanel ɗin ayisin agogo DS3231 ka haɗa shi da ayisinka ta I2C, wato hanyar sadarwa mai layi biyu. Kiristal ɗinsa a ciki yake, yana auna zafi yana gyara kansa, kuma kuskurensa bai wuce ppm 2 ba daga 0 zuwa 40, ppm 3.5 har zuwa 85, wato ƙasa da minti biyu a shekara guda. Ga na'urar da za a bari a gona daga Nuwamba zuwa Mayu ba mai duba ta, da ni ne shi zan sa. Ka gaishe min da Baba.