Manhajar waya da kyauta za su tayar da yarana daga zaune?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni uwa ce, ina zaune a Ƙofar Ƙaura cikin birnin Katsina. Yarana uku: mace 'yar shekara 13, namiji ɗan 11, sai auta ɗan 4. Tun da muka koma gida mai katanga da get suka daina fita. Daga boko sai Islamiyya, daga nan sai waya da talabijin. Namijin har ya fara ajiye tumbi. Ƙanwata ta ce in sa musu manhajar da ke ƙirga taku, duk wanda ya cika adadi in ba shi kuɗi. Babansu ya ce wayar da ta zaunar da su ba ita za ta tayar da su ba. Wa ya fi gaskiya?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya raya mana su. Maigida ya fi kusa da gaskiya, sai dai shawarar ƙanwarki ma ba ta zubarwa ba ce in an san inda za a ajiye ta.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 2020, ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana buƙatar wajen minti 60 a rana na motsin da ke ɗaga numfashi, kuma kwana uku a mako a haɗa da mai ƙarfi irin gudu da tsalle, wanda ke gina ƙashi da tsoka. Ba sai an yi a lokaci ɗaya ba, minti goma nan, ashirin can, duk suna shiga lissafi. Gane shi ma ba sai da na'ura ba: in yaro yana iya magana amma haki ya hana shi jan karatu ko rera waƙa, to ya kai ma'auni. Kada kuma ki ɗauka gidanki kaɗai abin ya shafa. Wani bincike na hukumar da ya fito a 2019, kan ɗalibai miliyan 1.6 a ƙasashe 146, ya nuna kashi 81 cikin ɗari na 'yan shekara 11 zuwa 17 ba sa cika wannan awa ɗaya. A 'yan mata abin ya kai kashi 85.

Ita manhaja an gwada ta, an ga iyakarta. A 2016 aka saki wasan waya mai suna Pokémon Go, wanda sai mutum ya taka ƙafa ya zaga gari kafin ya ci maki, har mutane suka fara cewa an samo maganin zaman dirshan. Masu bincike a Jami'ar Harvard suka duba takun matasan Amurka masu buga shi. A makon farko sun ƙara taku wajen 955 a rana. Kafin mako na shida ya ƙare, ƙarin ya bi ruwa. Tun a 2012 ma an yi irin wannan da yara 'yan shekara 9 zuwa 12 a birnin Houston na Amurka: aka ba su na'urar wasan bidiyo mai suna Wii, wasu da wasannin da ake yi a tsaye ana rawa ana kai naushi, wasu da na zaune. Bayan kusan wata uku ba a ga bambanci a yawan motsinsu ba.

Ga kuma abin da ƙanwarki ba ta lissafa ba, wato wayon yaro. Waya girgiza take ji, ba ƙafa take gani ba. Ki ce wa ɗan shekara 11 zai samu naira 200 in ya cika taku 10,000, ba za a yi kwana uku ba za ki leƙa falo ki tarar da shi kwance a doguwar kujera, ido a talabijin, hannu yana kaɗa wayar sama da ƙasa, lamba tana ta hawa. In ya shiga Keke Napep a hanya mai gargada, nan ma wayar na iya rubuta masa tafiyar da bai yi ba. Sannan abin da muke so ya yi ɗin, ƙwallo da kokawa da tuƙa keke, su ne ba ta ƙirgawa daidai, don ba mai shiga fili da wayar uwarsa a aljihu. Ita kanta lambar 10,000 daga tallan wata na'urar ƙirga taku ta Japan ta samo asali a shekarun 1960, ba daga asibiti ba.

Batun kyauta shi ne ya fi buƙatar a yi a hankali. A 1973 Mark Lepper da abokan aikinsa a Jami'ar Stanford suka ɗauki 'yan nazare masu son zane da kansu, suka kasa su uku. Kashi ɗaya aka yi musu alkawarin takardar yabo in sun yi zane, kashi na biyu aka ba su ita ba zato bayan sun gama, na uku ba a ba su komai ba. Da aka sake ajiye musu kayan zane daga baya babu kyauta, waɗanda aka yi wa alkawarin ne suka fi ja da baya. Waɗanda aka ba ba zato sha'awarsu ba ta ragu ba. Abin da ke faruwa shi ne, da zarar an sa wa wasa farashi, yaro ya ɗauke shi aiki, kuma ba mai zuwa aiki ranar da ba biya. Don haka in ɗanki yana son ƙwallo tun asali, kada ki biya shi ya buga. Inda kyauta ke amfani shi ne wajen yaron da ya riga ya daskare, wanda ba abin da ke motsa shi. Kamar turin mota ne: ana tura ta don ta tashi, ba wanda ke tura ta daga Katsina har Daura.

To ga yadda zan so ki yi. Ki ba manhajar wa'adi, kamar mako huɗu zuwa shida, a wayarki ba tasu ba, kuma ta gidan gaba ɗaya. Manhajar lafiya da ke zuwa da wayar ta isa, ba sai kin biya ko sisi ba. Ranar Asabar bayan sallar asuba, kafin rana ta ɗaga, ku fita tare, a ga takun da aka yi, mako mai zuwa a nemi a wuce shi. Sauran ranaku ki bar wayar, ki rataye kalanda a bango, duk ranar da yaro ya yi zufa ya sa alama da hannunsa. Bidiyon motsa jiki na yara a YouTube yana da amfani ranar da ƙurar hunturu ta rufe gari ko zafin bazara ya hana fita. Ki sauke shi sau ɗaya don kada data ta ƙare, ki kunna a talabijin, a ture tebur gefe, ke ma ki tashi. Yaran da uwarsu ke zaune tana ba da umarni daga kan kujera ba sa wuce minti biyar.

Kyautar kuwa kada ta zama alewa, lemon kwalba ko ƙarin lokacin waya, domin wannan ba da dama ne a karɓe da hagu. Kuɗi ma ban so. Ki ba da abin da zai haifi wani motsin: ƙwallo, igiyar tsalle, gyaran keken da aka jingine a bayan gida, ko baban ya kai su filin wasa na Muhammadu Dikko su kalli Katsina United. Wani lokacin ki ba da ba tare da alkawari ba. Ki yaba ƙoƙarin da aka yi, kada ki haɗa yayar da ƙanenta gasa, don wanda ke shan kaye kullum shi zai fara fita daga wasan.

Babbar matsalar gidanki dai ni a ganina get ɗin ne, ba rashin manhaja ba. Mu da muka tashi a lunguna ba wanda ya biya mu muka yi langa, 'yan mata kuma gaɗa da 'yar gala-gala suke har a kira magariba, saboda akwai sa'o'inmu a ƙofar gida. Na san halin da ake ciki ya sa iyaye ba sa sakin jiki da fitar yara, kuma ba zan ce ki buɗe musu ƙofa su bazama ba. Amma kina iya yin magana da maƙwabta biyu ko uku, a riƙa haɗa yaran a gida ɗaya bi da bi, musamman Alhamis da Juma'a da yawancin Islamiyyu ba sa karatu. In makarantar ba ta da nisa kuma hanyar lafiya take, su taka da babba maimakon a kai su a mota. A taron iyaye da malamai ki tambaya ko ana yin darasin motsa jiki da gaske ko a jadawali kawai yake. Wata shugabar firamare a garin Stirling na Sikotlan, Elaine Wyllie, ta fara fitar da ɗalibanta gudu ko tafiyar minti 15 kullum a 2012, babu kayan wasa babu kuɗi, yanzu dubban makarantu a ƙasashe da dama suna yi.

'Yar 13 ɗin ki fi sa mata ido, a wannan shekarun ne 'yan mata ke dainawa, ga kunya ga sauyin jiki. Tsakar gida, igiya da ƙawa ɗaya sun ishe ta. Duk manhajar da ke nuna nauyi, ƙirga abinci, ko neman hotonta da wurin da take, kada ta shiga. Auta kuwa ba ruwansa da wannan tsari: ɗan shekara 4 ana so ya samu wajen awa uku yana guje-gujensa a yini, kallon allo kada ya wuce awa ɗaya.

In cikinsu akwai mai sikila, asma ko ciwon zuciya, ki ga likitansa kafin a fara, kuma ruwa ya zama a kusa. Tumbin namijin motsa jiki kaɗai ba zai sauke shi ba in lemon kwalba da kayan zaƙi suna nan yadda suke, kuma kada a riƙa yi masa ba'a da shi a gaban 'yan'uwansa. In kin ga bayan wuyansa ya yi baƙi kamar dauɗar da ba ta fita da wanka, ko yana minshari mai ƙarfi, ko yawan ƙishirwa da fitsari, ki kai shi asibiti a auna sukarinsa da hawan jininsa.