Ga mai tambaya kan furojek ɗin addinai kafin zuwan Musulunci

Wallahi 'yar'uwa da na karanta tambayarki sai da jikina ya yi sanyi, don abin da supabaizanki ya ce miki, wai nazarin yadda addinai suka sauya a Rum da Habasha kafin aiko Annabi SAW ba shi da amfani, ni ma shi aka faɗa min. Nawa ma a bainar jama'a ne ranar difens, wani malami ko babi na ɗaya bai karanta ba ya ɗaga fayil ɗin da yatsa biyu kamar tsumma, wai na bar tarihin Shehu na tafi tonon gumakan arna, 'yan aji suka kwashe da dariya, alhali wayata na sayar na buga kwafi huɗu. Har yau in na tuna sai na ji ɗaci a maƙogwaro, wata shida ban ko kalli aikin ba.

Don Allah kar ki bari. Amma ki matse batun, ni kuskurena komai na so in haɗa. Ɗauki Habasha da Yaman kawai. Sarki Ezana na Aksum, tsohuwar daular Habasha, kuɗinsa na farko jinjirin wata ne da da'irar rana a jiki, na baya kuma gicciye, wajen shekara ta 340 ke nan, hotunansu na intanet, jera su ki gani da idonki. Ba don wannan sauyin ba wane Najjashi Kirista sahabbai za su tarar da suka yi hijira Habasha a 615? Ga kisan Kiristocin Najran da Zu Nuwas, sarkin Yaman, ya yi wajen 523, wanda malaman tafsiri da yawa ke dangantawa da Ashabul Ukhdud. Wannan na so in faɗa wa malamin nan ranar, bakina ya mutu.

Kuma kar ki rubuta kamar dare ɗaya aka sauya, dokar Milan ta 313 ta ba Kiristoci 'yanci a daular Rum amma ɗakin bautar gunkiya Isis na tsibirin Filae a Masar sai zamanin Sarkin Rum Justiniyan aka rufe shi, bayan shekara sama da 200.

Nemi littafin Peter Brown na 1971, The World of Late Antiquity, ba shi da kauri. Ki riƙa tura wa kanki aikin ta imel, ni filashi ta taɓa cinye min babi biyu. In kin gyara taken ki kawo mu duba kafin ki kai wa supabaizanki.