Amsar tambayar Malam kan makaɗin fiyanon da ya zama firaminista

Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Malam, na saurari saƙon da ka turo jiya da dare, inda kake cewa ka ji labarin wani makaɗin fiyano da ya taɓa zama firaministan ƙasarsa, kuma kana shakkar ko almara ce kawai. Labarin gaskiya ne. Sunan mutumin Ignacy Jan Paderewski, ɗan ƙasar Polan, kuma ina roƙon a yi mini haƙuri idan maganar ta ɗan yi tsawo, domin ya daɗe yana burge ni.

An haife shi a 1860 a wani ƙauye da yanzu yake cikin Yukiren. A wancan zamani babu Polan a taswirar duniya, saboda tun 1795 Rasha da Ostiriya da daular Jamusawa ta Furusiya suka yi watanda da ita. Mahaifiyarsa ta rasu yana jariri, sannan hukumar Rasha ta kama mahaifinsa bayan boren 1863. Ka ga ke nan tun yana ƙarami ya ɗanɗani abin da ake nufi da mutum ya rasa ƙasar kansa.

Yana ɗan shekara 12 aka kai shi makarantar kiɗa ta birnin Warsaw, babban birnin Polan a yau, ya gama a 1878, ya zama malami a nan. Ya yi aure a 1880, matar ta rasu bayan haihuwa, ta bar masa ɗa mai nakasa. Sai a 1884, yana da shekara 24, ya isa birnin Viyana wurin shahararren malami Theodor Leschetizky, wanda ya saurare shi ya gaya masa cewa ya makara. A ganin malamin, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, yatsun da suka saba da kuskure kuwa wuyar gyaruwa gare su. Paderewski bai yi zuciya ba. Mutumin da ya riga ya koyar da wasu ya koma yana maimaita motsa yatsu irin na 'yan koyo, awa bayan awa, har hannun ya saki. Wannan wuri ne ya fi taɓa ni a duk tarihinsa.

Daga nan ƙofa ta buɗe: Paris a 1888, Landan a 1890, sai New York a 1891, inda ya fara da shahararren zauren kiɗa na Carnegie. Kamfanin Steinway mai ƙera fiyano ne ya ɗauki nauyin wannan zagaye na Amurka, kuma cikin 'yan watanni ya hau dandamali fiye da sau 100. A wannan tafiya ya ji ciwo a hannun dama, amma ya daure ya ci gaba da wasa da ciwon. Daga baya da taragonsa na musamman yake yawo a jirgin ƙasa, da fiyanonsa a ciki, da mai dafa masa abinci, da mai gyara sautin fiyanon, yana atisaye jirgi na gudu. Jama'a kan yi dafifi a tasha don su hango shi da tulin gashin nan nasa mai launin jan zinariya.

Dukiya ta taru. Ya sayi gida a Suwizalan, ya sayi gonaki a Paso Robles ta Kaliforniya inda aka dasa masa inabi da itatuwan almon, ya kuma rubuta nasa kiɗan, har da wasan kwaikwayo na waƙa mai suna Manru da aka fara nunawa a birnin Dresden na Jamus a 1901. A 1910 da kuɗin aljihunsa aka gina abin tunawa da yaƙin Grunwald a birnin Kraków na Polan, shekara 500 bayan yaƙin.

To, Malam, ga inda amsar tambayarka take. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, ƙasar Polan ta zama filin daga, ana ɗibar 'ya'yanta cikin rundunonin da ke yaƙar juna. A 1915 shi da marubuci Henryk Sienkiewicz suka kafa kwamitin agaji a Suwizalan, sannan ya wuce Amurka. Can ya riƙa tsayawa gaban jama'a ya yi jawabi kan yunwa da ƙangin da mutanensa suke ciki, kana ya zauna ya kaɗa musu kiɗan Chopin, shahararren mai tsara kiɗa ɗan Polan, kuɗin da aka tara kuma a tura gida. Sunan da ya yi a kiɗa shi ya kai shi wurin Kanar House, na hannun daman Shugaban Amurka Woodrow Wilson, daga nan har wurin shugaban kansa. Da Wilson ya bayyana sharuɗɗansa 14 na zaman lafiya a Janairun 1918, na 13 cikinsu shi ne a kafa Polan mai 'yanci wadda take da hanyar fita teku. Ba zan ce shi kaɗai ya jawo hakan ba, amma hannunsa yana ciki dumu-dumu.

Ya sauka birnin Poznań na Polan, wanda ke hannun Jamus a lokacin, ranar 26 ga Disamba 1918, ya yi wa taro jawabi, kashegari bore ya tashi a kan mulkin Jamus. A Janairun 1919 shugaban sabuwar ƙasar Polan, Józef Piłsudski, ya naɗa shi firaminista da ministan harkokin waje, domin ana neman mutumin da ɓangarorin cikin gida za su yarda da shi, ƙasashen yamma kuma su saurare shi. Shi da ɗan siyasa Roman Dmowski suka sa wa Polan hannu a yarjejeniyar zaman lafiya ta Versailles ranar 28 ga Yuni 1919.

Dole in faɗi gaskiya, mulkin cikin gida bai yi masa daɗi ba. Ba shi da jam'iyya, bai saba da cinikin majalisa ba, kuma wasu sun zarge shi da cewa bai samo wa ƙasar iyakokin da suke so ba. Kafin shekarar ta ƙare ya ajiye muƙami. Ni a ganina aikin da aka kira shi dominsa, wato samar wa sabuwar ƙasa karɓuwa a idon duniya, ya riga ya kammala shi.

A 1922, bayan shekaru bai hau dandamali ba, yana da shekara 62, ya koma zauren Carnegie, jama'a kuma suka cika shi. Da Jamus ta mamaye Polan a 1939, tsohon ya sake miƙewa, ya shugabanci majalisar ƙasar ta gudun hijira, ya koma Amurka neman taimako. A New York ya rasu ranar 29 ga Yuni 1941. An ajiye gawarsa a maƙabartar Arlington ta Amurka da niyyar a mayar da ita gida idan Polan ta sami 'yanci, kuma sai a 1992, bayan shekara 51, aka kai ta Warsaw. Zuciyarsa kuwa an bar ta a wata majami'ar 'yan Polan da ke Doylestown a jihar Pensilbaniya.