Kwamfutata tana jana, kuma gidan hayarmu babu waya ta uku

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, sannu da ƙoƙari. Ni ɗalibi ne, ina haya a unguwar Yalwa nan Garwa, na sayi kwamfutar tebur ta hannu ina ɗan buga wa mutane takardu da ita. To duk sanda na taɓa bayan akwatin ko bakin ƙarfen wayar firinta sai in ji tana ɗan jana kamar cizon kiyashi, balle in ƙafata ba takalmi a kan siminti, na ɗora tasta a jiki kuma ta kama ja. Na kwance priz ɗin bango, wato soket, na ga waya biyu ce kawai a ciki. Wani abokina yace in haɗa wajen ta ukun da nitir, wato wayar da wuta ke komawa ta cikinta, wani kuma yace in buga ƙusa a bango in ɗaura waya shikenan. Ƙannena suna yawan shigowa ɗakin shi yasa hankalina bai kwanta ba. Dan Allah Malam ya zan yi?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Kafin komai, waɗannan abokan naka biyu ka gaishe su amma kar ka bi ko ɗaya, musamman mai maganar nitir, zan dawo kansa.

Kwamfutarka ba lalacewa ta yi ba. A cikin ƙaramin akwatin da wuta ke shiga, wanda masu gyara ke cewa alimantasiyon, akwai wasu ƴan kondansatar da aikinsu tace dattin wutar lantarkin su zubar da shi a jikin ƙarfen akwatin, daga nan waya ta uku, mai launin kore da rawaya, ta kwashe ta kai ƙasa. In ka duba priz irin na Faransa da muke amfani da shi a nan zaka ga wani ɗan tsinken ƙarfe ya fito waje, to shi ne hanyar, amma a gidaje da yawa tsinken ado ne kawai, bayansa ba a haɗa komai ba. Tunda babu hanya sai abin ya taru a jikin akwatin yana jiran wanda zai taɓa, in ka sa mita zaka ga wajen bolt 110, wato rabin 220 ɗin da ke zuwa mana. Ƙarfin abin da ke wucewa ta jikinka ƙanƙani ne, yawanci bai kai miliampiya 1 ba, shi yasa yake tsayawa a cizon kiyashi, sai dai yana iya ƙona maka bakin USB ko firinta lokacin da kake jonawa. Ka kuma bambanta shi da ɗan tas ɗin nan da mutum ke ji lokacin hunturu in ya taɓa ƙarfe, wannan sau ɗaya yake yi ya wuce, naka kuwa muddin hannu na kai yana nan.

Abin da ke ban tsoro ni ba cizon bane, ranar da wata waya zata goge a ciki ta taɓa ƙarfen akwatin ne, a ranar 220 ce cif a jiki kuma babu abin da zai yanke wutar ko da yaro ya taɓa.

Yanzu maganar nitir. Wallahi kar ka fara. Eh cizon zai ɗauke, tasta ma zata daina kamawa, kaga mutum sai ya ɗauka ya yi gyara, amma ranar da nitir ɗin ya tsinke a wani wuri, ko wani mai gyara ya zo ya juya wayoyin a kontar, wato mitar wutar gida, ba tare da ya sani ba, wutar gidan gaba ɗaya zata bi ta wannan ƴar gadar da ka yi ta zauna a jikin kwamfutarka. Ƙusa a bango kuwa ɓata lokaci ne, bulo busasshe ba ƙasa bane. Haka ƙarfen taga, haka bututun ruwa, yawancinsu yanzu roba ne, in ma na ƙarfe ne to mai wanka a bayi ka kai wa. Na taɓa shiga wani shagon buga takardu na tarar an cika gwangwanin madara da yashi an tsoma jelar waya a ciki an ajiye ƙarƙashin tebur, mai shagon har da yayyafa masa ruwa kullum da safe kamar shuka, yace min ai an ce a kai ta ƙasa, ga ƙasa nan. Na yi dariya har na zauna, amma dai sai da muka cire.

Gyaran gaskiya abu biyu ne, kuma tare suke tafiya. Na farko pike, sandar ƙarfe mai rufin jan ƙarfe da ake samu a kenkayri, wato shagon kayan gini, ana buga ta cikin ƙasa kamar mita 2, a ɗaure mata waya mai kauri da maƙalarta ta musamman, ba murɗawa da hannu ba, a jawo kore da rawaya mai kaurin 2.5 har cikin priz ɗin kwamfutar. Wuri yana da muhimmanci sosai a ƙasarmu, don daga Nuwamba zuwa Afrilu ƙasa bushewa take ƙarau, piken da ke aiki a watan Agusta sai ya zama kamar babu shi a watan Maris, saboda haka a nemi inda danshi baya yankewa, gefen famfo ko makwararar ruwan wanke-wanke. Gawayi da gishirin da masu aiki ke zubawa a ramin suna taimakawa da farko, sai dai gishiri yana cin ƙarfen kuma damina tana wanke shi, ni na fi son a ƙara sanda ta biyu nesa kaɗan a haɗa su. Ka'idar Faransa ta NF C 15-100 tace kar awon piken ya wuce om 100, wato ma'aunin turjiyar da wuta ke samu wajen shiga ƙasa, kuma akwai na'urar da ake aunawa da ita, in mai aikin yace maka da ido yake ganewa ka nemi wani.

Na biyun shi mutane ke tsallakewa don sun ga an riga an buga ƙarfe a ƙasa. Yi lissafi da kanka, bolt 220 raba om 100 ya baka ampiya 2.2, disjonktar ɗin priz kuwa, wato abin da ke faɗuwa ya yanke wuta in ta yi yawa, na ampiya 16 ne, ko a jikinsa, ba zai faɗi ba, akwatin zai ci gaba da riƙe wuta da pikenka da komai. Abin da ke faɗuwa shi ne diferansiyel, wanda aka rubuta 30mA a fuskarsa, yana auna wutar da ta shiga da wadda ta dawo, da ya ga wata ta ɓace ta wata hanya, ko ta pike ko ta jikin mutum, kafin ƙiftawar ido ya yanke. Kar ka dogara da babban da ke gefen kontar, in 500mA aka rubuta a kansa to ba tsaron ran mutum aka yi shi ba. In kuɗinka na abu ɗaya ne a yanzu, ko mai gida ya hana tona tsakar gidansa, ka fara da diferansiyel ɗin, yana aiki ko babu waya ta uku, cizon ne dai ba zai tafi ba sai an yi pike. Akwai ɗan maɓalli mai harafin T a jikinsa, ka riƙa dannawa duk wata ka ga ya faɗi.

Regilatar mai daidaita ƙarfin wuta, da ondilar mai riƙe wuta in an ɗauke, da ralonj, wato wayar ƙarin soket, mai kariyar tsawa duk suna da amfaninsu amma babu wanda zai ƙirƙiro maka ƙasa, ralonj ɗin ma rabin aikinsa yake yi in babu ta ukun. In hadari ya taso ana walƙiya ka zare daga bango kawai.

Ka samu mai gida cikin ladabi, ka tafi da mai aikin wuta wanda ya san aikinsa, ka ce a cire a kuɗin haya ko ku raba, kai kuma kar ka ƙara kwance priz sai ka kashe babban disjonktar. Kafin nan a kulle ɗakin in baka nan.

TAMBAYA: Malam ni ƴar kasuwa ce a Kusiri, laftof ɗina cajarsa baki biyu ce, ita ma sai an yi mata wannan piken?

AMSA: A'a Hajiya. Ki juya cajar ki duba, in kin ga alamar murabba'i biyu ɗaya cikin ɗaya to rufi biyu gare ta, da ma ba a yi ta don waya ta uku ba. In dai kin ga fatar wayar ta tsage ko cajar na zafin da baki iya riƙewa, ki canza ta da mai kyau, kar ki naɗe da leda.