Tsohuwar Golf ɗina tana cinye min kuɗi: in gyara ta ko in sayar wa masu kwance motoci?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da ƙaramar mota Golf 3 wadda nake kai yara makaranta da ita, in wuce wurin aiki. Yanzu tana shan baƙin mai, tana hayaƙi, tana kuma zafi a cikin cunkoso. Bakanike ya ce sai an sauke injin, kuɗin da ya yanka min kuwa ya kusa rabin abin da za a saye ta. In gyara ne, ko in rabu da ita? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Kafin ka yanke hukunci a kan injin, ka kai motar a ɗaga ta, ko a hau da ita kan rami, ka duba ƙarƙashinta da idonka, domin a nan amsar tambayarka take. Kamfanin Volkswagen ya fara ƙera Golf 3 a 1991, ya daina kafin shekarar 2000, saboda haka ko wadda ta fi ƙuruciya a cikinsu ta haura shekara 25. Galibinsu kuma sun yi rayuwarsu ta farko a Turai, inda ake zuba gishiri a kan titi lokacin sanyi don narkar da ƙanƙara, gishirin nan kuwa yana cin ƙarfe daga ƙasa. Bushewar iskar Arewa tana rage saurin tsatsa, amma ba ta mayar da abin da ya riga ya zaizaye.

Ka sa a duba daɓen motar, da ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙofofi, da wuraren da ƙafafun motar suke kama jiki, musamman inda shokozoba ke ɗaure a gaba. Idan an danna da sukundireba ƙarfen ya burme, ko an ga an taɓa yi wa shasi walda bayan hatsari, shawarata ita ce kada ka ƙara zuba mata ko sisi. Mai gyaran jiki zai iya liƙa faci ya shafe da fenti ta yi ƙyalli, amma ƙarfin da zai kare yaranka ranar da aka yi karo ba ya dawowa da faci. Injin kuwa ana sauke shi a ɗora wani, haka ma giya.

Idan jikin lafiya lau yake, sai a koma kan injin, a nan ma kada ka amince a sauke shi kafin a gano ciwon. Launin hayaƙin yana faɗin abubuwa da yawa. Shuɗi yana nuna injin na ƙona baƙin mai, ko dai ta zoben fistin ko ta robobin bawul. Fari mai kauri wanda ba ya ɗaukewa bayan injin ya ɗumama yana nuna ruwa na shiga silinda, mafi yawa saboda gaskit ya ƙone. Baƙi kuwa fetur ne ya yi yawa, wanda sau da dama gyaransa bai kai ga buɗe injin ba. Ka zaro ma'aunin baƙin mai ka duba, idan ya koma kamar shayi da madara, ruwa ya gauraya da shi. Sannan ka nemi a auna matsin kowace silinda da na'ura, aikin da ba ya ɗaukar awa guda. Zafin da take yi a cunkoso ma yana iya zama daga fanka ne, ko lagireto da ya toshe, ko famfon ruwa, kuma abin takaici ne yadda ake sauke injuna masu rai saboda fankar da ta daina juyawa. Ka ji ta bakin bakanike na biyu wanda ba shi zai yi aikin ba.

Game da lissafin kuɗi, kwatanta kuɗin gyara da farashin motar kaɗai yana iya ɓatar da kai. Abin da ya kamata ka auna shi ne nawa za ka cika idan ka sayar da ita don ka sayi wata da ta fi ta lafiya. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023, motocin Beljiyam sun yi tsadar da ta fi ƙarfin ma'aikaci, wadda kuɗinka zai iya saya kuwa mai yiwuwa tsohuwa ce irin taka, da nata ciwon da ba ka sani ba. Taka kuwa ka san tarihinta, kuma kayan Golf ba sa wuyar samu a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna. Sai dai ka rubuta duk abin da ke jiran gyara a cikin shekara mai zuwa, wato tayoyi, birki, kuloci, batir da ƙafa, ka haɗa da kuɗin injin. Ka kuma saka fetur a lissafin, domin tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023, injin da ke zuƙar mai fiye da ƙima yana cin aljihu kowace safiya. Idan jimillar ta kusa abin da za ka cika ka canja mota, canjin ya fi.

Idan ka zaɓi gyara kuma saman injin da fistin duk sun gaji, ɗora injin Beljiyam yakan fi buɗe tsohon, da sharaɗin a tayar da shi a gabanka, a kuma rubuta maka kwanakin da za ka iya mayar da shi idan ya ba da matsala. Ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar sabon injin, ka sa a gyara takardun motar su dace da ita.

Idan kuma rabuwa za a yi, kada ka fara da 'yan gwangwan masu saye a kilo. Motar da take tashi ta yi tafiya da ƙafarta ta fi daraja, ko a wurin wani mai buƙata wanda ka gaya wa aibinta ƙarara, ko a wurin masu kwancewa su sayar da kayan ɗaya bayan ɗaya. Giya, ƙofofi, fitilu da gilasai duk kuɗi ne, haka ma tukunyar tace hayaƙi da ke jikin salansa in har ba a riga an cire ta ba, domin akwai ƙarafa masu tsada a cikinta. Ka cire lambar motar idan kwance ta za a yi, ku rubuta yarjejeniyar ciniki da shaidu, ka ajiye kwafinta tare da kwafin takardun motar, saboda duk abin da aka aikata da lambar nan daga baya sunanka za a fara nema.