Amsa ga yarona a kan rawa da daɗin kiɗa

Ka tambaye ni, ɗana, dalilin da ya sa kiɗa yakan ratsa mutum idan yana kallon 'yan rawa, amma ya ji shi salam idan ya saurare shi a waya. Ba zan tsaya koya maka ƙirga taku ba, domin wanda ya daɗe yana ɗaura akayau a ƙafa ya wuce a nuna masa wannan.

Kunnen mai sauraro yakan sha wahalar bin ganga da kalangu da sarewa a lokaci guda, saboda haka idonsa yakan taya shi zaɓar abin da zai ji. Idan 'yan rawar Koroso suka dira ƙafa tare a kan bugun ganga, akayau ya amsa, ko baƙon da bai san kiɗan ba zai gane inda nauyinsa yake. Idan kuma mai kalangu ya matse tsarkiya a hammata ya fara kirari, wajibi ne a tsayar da 'yan rawa cak, domin jama'a su ji abin da kalangun yake faɗa.

Wannan tsayuwar ce wani attajiri ya mayar mini abin kunya. Ya ɗauke mu bikin 'yarsa, ya ba da kafin alƙalami, na tsara rawar gaba ɗaya a kan hannun makaɗana, har na ware gurbin da kalangu zai kira sunayen kakannin amarya idan ta shigo. Ranar biki, muna bakin ƙofa, sai ya aiko cewa makaɗa za su ɓata masa tsarin ɗakin taro, su zauna a waje, za a saka mana kiɗan da aka naɗa. Kiɗan nan ya fi namu sauri, kuma babu gurbin kirari a cikinsa. Yarana suka tsaya cak a inda na koya musu, kiɗa yana ta gudu, da suka ci gaba kuma akayau yana faɗuwa a bayan bugu. Da kunnena na ji wata hajiya tana cewa kiɗan ba shi da daɗi, alhali shi ne aka sha rawa da shi a wurin kamu. Ko naira ɗaya ba a liƙa mana ba. Washegari mutumin nan ya ce mun kunyata shi a gaban surukansa, ya hana cikon kuɗi, ni na biya makaɗa da kuɗin mota daga aljihuna, kuma har yau ban yafe ba.

Ku yaran yanzu kuna kwafo taku daga TikTok ku ɗora shi a kan kowane kiɗa, ba ku da haƙurin sauraro. Kafin ka tsara taku ɗaya, je ka zauna kusa da makaɗinka har sai ka san inda yake sassautawa da inda yake zafafawa. Kuma kada ka karɓi kafin alƙalamin kowa sai ya amince a gaban shaidu cewa makaɗanka ne za su buga.