Yadda ake saka jawabin PowerPoint a filash, ya kuma buɗe a inda aka kai shi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce, na haɗa jawabin kare bincikena da PowerPoint a kwamfutar yayana. An ce kowa ya zo da nasa a filash don a haska a majigi. Yaya zan saka shi ba tare da wani abu ya lalace ba?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba da sa'a. Hanya biyu ce, ni kuma na fi son ta biyun.

Ta farko daga cikin PowerPoint ne. Ki soka filash ɗin, ki buɗe jawabin, ki danna F12, akwatin Save As zai fito. A gefen hagu ki nemi This PC, za ki ga filash ɗin da harafinsa, galibi D: ko E: ko F:, domin C: na cikin kwamfutar ne. Ki zaɓe shi, ki sa wa fayil ɗin suna mai ma'ana da kwanan wata, ki danna Save. Sai dai daga wannan lokacin, fayil ɗin da ke buɗe a gabanki na filash ne. Duk gyaran da kika ƙara kika danna Ctrl da S, can yake tafiya, na kwamfutar kuma ya zama tsoho. Haka mutum ke wayar gari da jawabi biyu masu suna ɗaya, ya rasa wanne ne na ƙarshe.

Shi ya sa na fi son ki gama aikinki kaf a kwamfuta, ki rufe PowerPoint, ki danna maɓallin Windows da E, ki nemo fayil ɗin, ki kwafe shi da Ctrl da C, ki shiga filash ki sauke da Ctrl da V. A nan ki lura da kyau. Idan alamar fayil ɗin tana da 'yar kibiya a kusurwar ƙasa ta hagu, wannan ba jawabin ba ne, manuniya ce kawai zuwa inda yake. A kwamfutar yayanki za ta buɗe lafiya lau, tunda ainihin fayil ɗin na nan. A gaban malamai kuwa sai ta ce ba ta san zancen ba. Ki duba nauyinsa: manuniya ba ta wuce 'yan KB, jawabi mai hotuna kuwa yakan kai MB da dama, sunansa kuma ya ƙare da .pptx.

Kafin ki zare filash, ki je kusa da agogo a ƙasan allo ki danna Eject. Gaskiya ne tun sabuntawar Windows 10 ta ƙarshen 2018 aka saita filash yadda za a iya zare shi kai-tsaye, amma sai in ba a kan rubuta wani abu ake ba. Fayil ɗin .pptx ƙunshi ne na ƙananan fayiloli da aka matse wuri guda, in rubutun ya katse a tsakiya ba rabin jawabi za ki samu ba, yana iya ƙin buɗewa ɗungurungum.

A wurina ba a gama adanawa ba sai an kai filash ɗin wata kwamfuta daban, an buɗe jawabin daga cikinsa, an danna F5, an bi shafukan har ƙarshe. Ki yi wannan tun ana gobe, kada ki bari sai da safen. Ki kuma ajiye kwafi ɗaya na PDF a gefensa; motsin rubutu da bidiyo ba za su yi aiki a ciki ba, amma kowace kwamfuta tana buɗe shi. Wani kwafin ki tura wa kanki ta imel.

Tambaya: Malam, ni malamin makaranta ne. Na kai darasina a filash, ya buɗe, amma bidiyon ya ƙi tashi, rubutun ma ya sauya kama har ya tsallake layi. Me ya jawo?

Amsa: Ranka ya daɗe, matsala biyu ce amma tushensu ɗaya: akwai abubuwan da jawabin ya dogara da su waɗanda suka yi zamansu a kwamfutarka.

Salon rubutu a kwamfuta yake zaune. In ka yi ado da wani salo da ka sauko da shi daga intanet, waccan kwamfutar kuma ba ta da shi, sai ta maye gurbinsa da abin da ta samu, faɗin haruffa ya bambanta, layi ya rushe. Haruffa masu lanƙwasa irin ƙ da ɗ da ɓ su suka fi shan wahala, wani lokaci su koma 'yan akwatuna. Ka shiga File, Options, Save, ka sa alama a Embed fonts in the file. Wasu salon lasisinsu bai yarda a cusa su ba, don haka Arial ko Times New Roman sun fi kwanciyar hankali, ko da ba su da ƙawa.

Bidiyo kuwa, a PowerPoint 2007 adireshinsa kawai ake ajiyewa, sai daga na 2010 aka fara saka shi cikin fayil ɗin. Har yanzu ma in ka zaɓi Link to File lokacin sakawa, adireshin ka ɗauka. Gane shi ba wuya: bidiyo MB 200, jawabi MB 3, ka san ba ya ciki. Ka sake saka shi da Insert, ya kasance MP4. In na YouTube ne, dole sai da intanet a wurin. Akwai kuma wata tsohuwar dabara a ƙarƙashin File, Export mai suna Package Presentation for CD. Kada sunan ya ruɗe ka, ka zaɓi Copy to Folder ka nuna masa filash, zai tattara jawabin da duk abin da ke maƙale da shi a folda ɗaya.

Tambaya: Filash ɗina GB 32 ne kuma babu komai ciki, amma ya ce fayil ɗina ya yi girma.

Amsa: Filash ɗinka yana kan tsarin adana fayil na FAT32 ne, wanda ba ya karɓar fayil guda da ya haura GB 4 komai yawan filin da ya rage. Ka mayar da shi exFAT ta hanyar Format, wanda Windows da Mac duk suna karantawa suna rubutawa; ka sani dai Format yana share komai. Amma fa jawabin da ya kai GB 4 zai wahalar da kwamfuta da masu sauraro. Ka gwada File, Info, Compress Media tukuna.

Tambaya: A Google Slides na yi nawa, kuma waya kaɗai gare ni.

Amsa: Ka sauke shi a matsayin .pptx ko PDF, ka haɗa filash da wayar ta 'yar mahaɗar OTG, ka kwafa ta manhajar fayiloli. Yawancin wayoyin Android suna yi, iPhone ma tun iOS 13.

Tambaya: Malam, na soka filash a kwamfutar taro, da na dawo duk fayilolina sun koma masu kibiya. Sun tafi ke nan?

Amsa: Yawanci suna nan, ɗan'uwa, bairos ne ya ɓoye su ya ajiye na bogi a madadinsu. Kada ka danna ko ɗaya, dannawar ce ke tayar da shi. Ka fara binciken filash ɗin da Microsoft Defender, manhajar Windows mai kama bairos, sannan ka buɗe Command Prompt, tagar rubuta umarni ta Windows, ka rubuta attrib -h -r -s /s /d E:\*.* ka danna Enter, ka sauya E da harafin naka filash ɗin. Fayilolin za su bayyana, wani lokaci a cikin wata folda marar suna. Ka kwashe su zuwa kwamfuta, ka sake bincika su, sannan ka yi wa filash ɗin Format kafin ka mayar da komai ciki.